Takardar Ƙanen Chencho

A layin rajistar haihuwa na San Pedro, Yudelka ta kasa haƙuri, ta nuna wa tsohon da ke gefenta jaririnta.

"Baba, kalli hannu, na cafe ƙwallo ne! Ranar haihuwarsu ɗaya da Chencho Balbuena, gwarzon wasan ƙwallon besbol na da. Sunansa zan rubuta masa yau!"

"'Yata, tare muka yi wasa. Takardar haihuwar ƙanensa ya ara don ya rage shekaru, ƙungiya ta ɗauke shi. Da sunan da ranar, duk na ƙanen ne."

"Kai! To shi ƙanen, gwani ne?"

"Mai aski ne. Ko lemo aka jefa masa, kaucewa yake."

Yudelka ta dubi jaririn, ta tuntsire da dariya.

"A rubuta haka! Wasa yana ƙarewa, gashi kuwa kullum sai ya tsiro."