Zakaran Baba Tizhe

Mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu sauraro. Ni Bukar ne daga Yelwa, Mubi, heluman leburori a wajen ɗan kwangilar da gwamnati ta ba aikin hanyar Sorau.

Dokar aikinmu, ko goro ba ma karɓa. Ran nan wani dattijo manomi, Baba Tizhe, ya zo mini da jan zakara. Ya ce, "Ɗana, turakun awonku sun shiga gonata. Matsar da su kaɗan."

Mayar wa babba kyautarsa abin kunya ne, har gumi na yi. Na durƙusa na ce, "Baba, zakara ba ya tsige turke. Taho mu je wajen injiniya."

Da aka sake awo, ashe shanu ne suka ture turakun, wani makiyayi ya kafa su inda ya ga dama. Gona ta tsira, Baba ya koma gida da zakaransa.

Yanzu aiki ya wuce garinsu, jiya kuma ya sake aiko shi, wai godiya. Jama'a, ku ba ni shawara da wuri, domin uwargida ta riga ta wasa wuƙa.