Abdul-Mumin da Ba Ya Gaisuwa a Ƙofar Gaggawa

Assalamu alaikum. Sarkin Zango, ranka ya daɗe. Limaminmu Afa Sualihu, Allah ya ƙara lafiya. Dokta shugaban asibiti, abokan aikin marigayi, Mma Humu da yaranki Basit da Faridatu, 'yan uwana direbobin keke mai ƙafa uku, wato yalo-yalo, ina gaishe ku.

Ni ne Latif daga Sabonjida. Ƙungiyarmu ta ce in yi magana a kan Abdul-Mumin, babban nas na sashen gaggawa, aka kuma ja mini kunne in riƙe bakina. Zan ƙoƙarta. Ban yi nisa a makaranta ba, ni na koya wa kaina karatu, amma mu ke kawo masu rauni ƙofar nan, mun san abin da ke faruwa a ciki.

Ya kasance mutumin da ba ya gaisuwa a bakin aiki. Kun san garinmu: sai ka durƙusa, ka tambayi kwana, gajiya, gida, yara, gona, kafin a zo kan magana. Abdul-Mumin ya ce duk wannan ya tsaya a waje. Wanda ya fi jin jiki shi za a fara dubawa, ko da shi ya zo ƙarshe, ko da ba wanda ya san ubansa.

Ina nan ranar da aka kawo wani Alhaji ya gurɗe ƙafa, jama'arsa sun cika baranda. Ni kuma na sauke wata mata daga Gbalahi, maciji ya sare ta a gonar shinkafa. Ba ta kuka, jini kawai ke fita daga dasashinta. Abdul-Mumin ya wuce Alhaji ya nufo ta. Ɗan Alhaji ya kama masa riga: "Kai, ba ka ga Baba ba ne?" Ya ce, "Na gan shi, muryarsa da ƙarfi, alhamdulillahi. Sake ni." Sai da matar ta samu maganin dafi ya dawo ya durƙusa gaban Alhaji, ya yi gaisuwa cikakkiya, har awaki ya tambaya. Duk da haka an kai ƙararsa wai ba shi da tarbiyya.

Ya kasance yana barin mutum ɗaya kawai ya bi mara lafiya ciki, sauran dangi su jira a gindin dogonyaro. Ya kasance yana tara mu direbobi yana nuna mana yadda ake ɗaga wanda ya faɗi a babur ba a lanƙwasa masa wuya ba. In na yi gaggawa ya daka mini tsawa: "Latif, ba buhun masara ba ne!"

Mma Humu, kin sha jin ana cewa mijinki girman kai gare shi. Kin haɗiye. Mu da muka ga aikinsa mun zo mu gaya miki cewa maganar nan ƙarya ce. Basit, Faridatu, ku ɗaga kai.

Yanzu abin da aka ce kar in faɗa. Tun da ya kwanta ciwo, gaisuwa ta koma ciki. Makon jiya na kai wani magini da ya faɗo daga bene, jini na zuba ta kunnensa, nas tana durƙushe gaban surukar wani babba. Ban ga laifinta ba. Sabuwa ce, tana tsoron a kai ƙararta, kuma babu mai tsaya mata. Maginin ya rayu, amma hannunsa na dama har yau bai motsa ba.

Dokta, takardar hana gaisuwa da kuka manna a bango ba za ta gyara wannan ba. Manya ne za su yafe gaisuwar da bakinsu. Sarki, ka faɗa wa mutanenka. Afa, ka faɗa a huɗubar Juma'a: nas da ta wuce ka a ƙofar nan ba raina ka ta yi ba. Mu direbobi mun riga mun yanke shawara. In muka sauke mara lafiya, za mu tsaya a ƙofa mu durƙusa mu gaishe da dangi a madadin ma'aikata, har sai sun gaji.

Na gode da kuka saurare ni. Allah ya jiƙan Abdul-Mumin, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Ranar da aka ɗauko ɗayanmu ba ya iya magana, Allah ya sa a samu wanda zai wuce kowa ya zo kansa. Amin.