Hali Ya Ce Ba Wanda Ya Taɓa

Buhun acca biyu mamana ta sayar, ta ƙulle kuɗin a bakin zane, ta kwance mini su a tashar Pankshin ranar da zan tafi Sakkwato. Ku matso, ba zan ɗaga murya ba. Lokacin soja ke mulki, kuɗin mai ya shigo, duk wanda ka gani da babbar riga yana da kwangila a aljihu. Ni kuma na yi shekara uku a Jos ƙarƙashin wani Bature mai haɗa fim, har na iya abin da 'yan kaɗan suka iya a lokacin: saita monita da gyaran kalar hoto. Sai wani attajirin Sakkwato, Alhaji Modi, mai sayar da atamfa da ya koma kwangilar hanya, ya sayo kyamarori da na'urori daga Turai, ya ce a nemo masa wanda ya san kansu. Aka ce ga Yohanna.

Zafin garin nan kam, ba zan iya kwatanta muku ba. Mu da muke kwana da bargo! Ga Hausarsu, kamar ba ita na tashi ina ji ba. "Mi kac ce sunanka?" Sai na tsaya ina zare ido. Monita kuwa, Alhaji har na bar garin manuta yake cewa. Su ma ba su raga mini ba, don a lokacin ina iya cewa "mamana ya ce", su yi ta dariya har da riƙe ciki.

Wanda ya fi kowa yi mini dariya shi ne Hali. Mai gyaran rediyo ne a Ƙofar Marke, ya girme ni da 'yan shekaru, yana da mata da 'ya'ya huɗu, Alhaji ya ɗauko shi mu yi aiki tare. Shi ya ba ni ɗaki a gidansu. Kwano ɗaya muke ci. Da zazzaɓi ya kayar da ni, shi ya goya ni a keke zuwa asibiti. Muka raba ranaku: Juma'a in tsare ofis ya tafi masallaci, Lahadi ya tsare in tafi coci. Ina gaya muku wannan ne don ku san ba baƙo ne ya yi mini abin da aka yi mini ba.

To, ku da kuke kallo a waya, bari in gaya muku mene ne monita. Kamar talabijin take, amma ba ta kallo ba ce. A kanta ake duba hoto a gyara shi kafin ya fita. In ta yi maka ƙarya, kai ma ƙarya za ka gyara, kamar mai awo da aka lotsa wa mudu bai sani ba. Saboda haka kullum da safe sai na kunna ta, in bar ta rabin awa ta yi ɗumi, in ja labule. Sannan in sa mata sandunan kala, wasu layuka ne a tsaye, fari, rawaya, kore, ja, shuɗi da sauransu. Da maɓallin haske ake farawa. Akwai 'yan layuka baƙaƙe a ƙasa, kana murɗawa a hankali har ɗaya ya ɓace, na kusa da shi ya rage da ƙyar ake ganinsa. Sai ka danna wani maɓalli komai ya koma shuɗi, ka murɗa na kala har sandunan su yi daidai da juna. In na gama sai in manna salatif a kan maɓallan. Duk wannan na nuna wa Hali, ban ɓoye masa komai ba, sai dai shi kullum yana mance wanda ake farawa da shi.

Alhaji bai taɓa son monitar nan ba.

"Wagga manuta taka ba ta da kyawo. Talbijin ta ɗakina ta hi ta haske."

"Ranka ya daɗe, wannan ta awo ce."

"Awo? Gero nika saidawa? Kuma ka rufe min taga kamar gidan makoki."

"In haske ya shigo, ido zai ruɗe."

"Idonka dai."

Haka muke yi kusan kowane mako, ya fita yana mita, in ci gaba da aikina.

Sai aka gama wata hanya da Alhaji ya yi kwangilarta, wani babban soja, Kanar, ya zo buɗewa ranar Asabar. Muka ɗauki hoton bikin. Alhaji ya yi alkawarin kai masa kaset ranar Litinin da la'asar, ya kalli kansa mai kala a gaban baƙinsa. Wata kwangilar Alhaji yake hange, ni kuma sunana ne a kai, don duk Sama Road, inda ofishinmu yake, an san Yohanna ne mai gyaran kala.

Litinin na iso ofis, direban Alhaji ya riga ya zo yana jiran kaset, Alhaji yana ta aike. Na dubi maɓallan, salatif yana nan lafiya lau. Na ce, "Hali, jiya wani ya taɓa?"

Ya ce, "Ba wanda yat taɓa."

Nan ne laifina, ba zan ɓoye muku ba. Tunda na fara aikin nan ban taɓa tsallake sandunan kala ba sai ran nan. Na ga ana sauri, na ga salatif, kuma Hali ya yi magana. Na sa kaset, sai na ga fuskoki sun yi jawur, kakin soja yana ƙyalli kamar ɗanyen ganye, haske ya yi yawa. Na ce rana ce ta Sakkwato. Na zauna na rage kala, na rage haske, har hoton ya yi daidai a idona. Na miƙa kaset.

Da ni aka je gidan Kanar. Falo cike da hafsoshi da matansu. Aka kunna. Yara, fuskar mutumin nan ta fito toka-toka, duhu ya cinye rabinta, kakinsa kamar an shekara ana wanke shi a rafi. Wata mata ta yi dariya ta toshe baki. Kanar bai yi faɗa ba. Tashi ya yi ya kashe talabijin da hannunsa, ya ce wa Alhaji, "Ashe haka aikinka yake."

Muna komawa ofis na sa sandunan kala. Kallo ɗaya na yi na gane. An murɗa na kala har ƙarshe, an ƙara haske, sannan aka mayar da salatif a kai tsaf, yadda nake manna shi. Daga baya maigadi ya gaya mini sauran. Ranar Lahadi ina coci, Alhaji ya kawo abokansa 'yan kasuwa su ga kayan Turai. Ɗaya ya ce hoton ya koɗe. Kun san attajiri ba ya yarda baƙo ya raina kayansa. Ya ce Hali ya ƙara wa monitar jini, Hali ya ƙara.

Na ce, "Ranka ya daɗe, an taɓa monita."

Alhaji ya juya. "Hali, ka taɓa?"

"Ni? Shi ɗai ka taɓa ta. Shi yah hana kowa."

Alhaji ya ce, "To ka ji."

Su biyun sun san gaskiya, kowannensu ya san ɗayan ya sani, suna kallona. Ban taɓa jin na zama bare a garin nan ba sai lokacin. Kafin mako ya ƙare labari ya zaga cewa ɗan Jos ya ɓata fuskar Kanar, ba wanda zai sake ba ni ko rediyo in riƙe. Alhaji ya kore ni, ya bar wa Hali monitar. Na dawo gida da akwatina da tabon suna, na kama noman dankali, shi kuke ganina a kai har yau.

Korar ba ita ke ci mini rai ba. Ranar da zan taho, Hali ya ɗauki akwatina a ka, ya raka ni har tasha, ya sayo mini kilishi. Na shiga mota na zauna. Da direba ya tayar da inji, sai ya matso jikin taga, ya sunkuyo, ya kira sunana a hankali. Zuciyata ta yi sanyi. Na riga na shirya abin da zan ce masa, cewa na yafe, na san yana da iyali.

Ya ce, "Yohanna, don Allah tuna min. Wane aka hwara murɗawa, na haske ko na kala?"

Na ce, "Na haske."

Ya ce ya gode, ya juya ya tafi tun motar ba ta fita tasha ba.