Mun Ce Basir Ne

Salamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Ni ce Inno, daga Ƙofar Dundaye.

Shekara uku maigidana yana fama da murɗar ciki da zawo mai jini. Duk zuwansa asibiti, in Likita Bature ya tambaya, kunya kan sa ya ce wa tafinta, "Basir ne." Sai a ba shi man shafawa. Sa'ad da aka gane gyambo ne cikin hanji, jikinsa ya riga ya ƙare. Ya rasu da damina, Allah ya jiƙansa.

Yanzu ɗiyarmu Hajo ta fara irin wannan ciwon, ita ma basir take cewa. Kowa na zancen mulkin kai, ni ko zama na kasa don damuwa. Jibi zan kai ta asibiti. Don Allah, masu sani, me zan ce don a duba cikinta sosai?