Dukan da Anka Yi wa Yayana a Gaban Sabon Ɗakin Taro

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah shi ƙara maka lafiya. Ni ce Hajo daga Dinawa, ƙasar Wurno.

Makon jiya munka ɗauki innarmu zuwa asibiti a Sakkwato, cikin motar yayana Bello. Ashe hanyar da munka saba bi, ta gaban sabon babban ɗakin taron nan, an maida gefenta wurin aje motocin manyan baƙi. Ba allo, ba mai nuna hanya. Amai ya taso wa Inna, Yaya ya ratse ya tsaya.

Sai ga samari masu tsaron wurin da sanduna. Babbansu ya ce, "Kai baƙauye, ɗauke wagga akwalar!"

Yaya ya ce, "Ku yi haƙuri, tsohuwa ce ba lafiya."

Bai rufe baki ba sunka farfasa gilashi, sunka jawo shi ƙasa. Sun fasa mai kai, sun karya mai hannu, jini har bisa hijabina. Ina ta ihu, "Mi ya yi muku?" Inna da ko tsayuwa ba ta iyawa ta rarrafo ta kwanta bisa ɗanta. Sannan sunka bari.

Wani mai keke-napep ya kwashe mu zuwa asibiti. Yanzu uwa da ɗa suna kwance asibiti, ga dashen albasa ya zo, ba mai shiga fadama.

Mai gabatarwa, ina za mu kai kukanmu? Mutanen Rabah da Goronyo, ku kiyayi wagga hanya. Kai kuma mai keke, ban san sunanka ba, Allah shi saka maka da alheri.