Ranar da Na Kai Jan Fenti Gida

Mai girma shugaban wannan taro, manyan jami'an lafiya da ke zaune a gaba, likitoci, ma'aikatan jinya da unguwarzoma, masu gwajin jini, direbobin motar ɗaukar marasa lafiya, masu share mana ɗakuna, da ku 'yan'uwa da kuka zo taya ɗalibanmu murna, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka zaɓe ni in yi jawabin rufe wannan bita ta shirin tunkarar annoba. An gabatar da ni a matsayin ƙwararren mai horarwa, na kuma ji daɗi, domin mai gabatarwar bai san abin da ya faru ranar Laraba ba. Ɗalibaina sun sani, shi ya sa suke sunkuyar da kai.

Abu na farko, shekara goma sha huɗu ina koyar da darasi ɗaya: sa rigar kariya ba shi ne wuya ba, cire ta shi ne wuya, domin a nan cuta take samun hanya. Shi ya sa ba a cire ta sai da mai lura a tsaye, yana kallon hannunka, yana da ikon ce maka tsaya.

Abu na biyu shi ne Larabar nan. A atisaye mukan shafa jan fenti a safar hannu a madadin ƙwayar cuta, duk inda ja ya taɓa, to mutum ya kamu. Na shafa nawa har da ƙari, na ce a zuba ido a ga yadda manya suke yi. Mai lura da ni wata ma'aikaciyar jinya ce, wata shida kacal da fara aiki. Na cire riga, na cire takunkumi, ina yi ina bayani, ina bayani ina yabon kaina. Aka tafa min, na karɓi tafin da hannu biyu.

Da rana na koma gida, jikata 'yar shekara biyu ta tarye ni, na ɗora ta a wuya kamar kullum. Ina sauke ta matata ta ƙwala ihu: "Malam, jini a bakin yarinyar nan!" Ba jini ba ne. Fentina ne, ta kwaso daga ƙeyata, inda na kai hannu na kwance igiyar riga ban cire safar hannu ta waje ba. Jama'a, sai na zauna a ƙasa. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji a ɗakin masu jinya ba.

Washegari na kira ma'aikaciyar. Na ce, "'Yata, kin gani jiya?" Ta ce, "Na gani, ranka ya daɗe." Na ce, "Me ya hana ki magana?" Ta ce, "Kai ka koya mana. Na zaci ni ce ban gane ba."

To ga abu na uku, kuma shi kaɗai nake roƙon ku tafi da shi. Na koya musu matakai, ban koya musu ɗaga murya ga na gaba da su ba. Mun iya girmama manya, har muna iya kallon babba yana kwasar cuta mu yi shiru don ladabi. Ya ku shugabanni, kada a hukunta ƙarami don ya tsayar da babba. Ya ku ɗalibai, a bakin ƙofar ɗakin cire riga babu oga, babu furfura, hannu kawai ake kallo.

Jiya muka sake atisaye. Hannuna bai kai kunne ba na ji tsawar wannan ma'aikaciyar: "Tsaya, malam! Sauke hannunka!" Na daskare kamar ɓarawon da aka haske da fitila, ɗaki ya fashe da dariya. Ban taɓa shan kunya mai daɗi irin wannan ba. Ranar Litinin za mu tafi inda cutar take da gaske, na kuma rubuta da hannuna cewa ma'aikaciyar nan nake so ta tsaya a kaina.

Allah Ya kare ma'aikatanmu, Ya kare waɗanda suke jiran su a gida, Ya ba ƙananan cikinmu baki, Ya ba mu manya kunne, Ya mai da kowa ɗakinsa lafiya.

Na gode.