Zanen Saƙin Gwaggo Turai

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu, da alayensa, da sahabbansa.

Mai girma shugaban taro, Alhaji Uba, wanda ya riƙe zumuncin mutanen Tsohon Garin Marke tun muna da baƙin gashi. Wakilin dagaci, Allah ya ja zamaninka. Limaminmu Malam Ja'afar da sauran malamai, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata da ke ƙarƙashin rumfa. Sarkin Ruwa da masuntansa. Manoman rani da suka kashe injin ban ruwa suka zo. 'Yan uwanmu da suka taso daga Yako da Tudun Wada da Riruwai, wasu a babur, wasu a ƙananan motoci. Surukanmu na Ba'awa, waɗanda na aika musu takanas kuma suka girmama ni suka amsa. Samari da 'yan mata: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da ya sake tara mu a wannan taro na shekara, mu da ruwan Tiga ya cinye garinmu ya warwatsa mu. Ina godiya ga 'yan kwamiti da suka ba ni wannan lokaci. Ga wanda bai san ni ba, sunana Inusa, an fi sanina da Inusa mai yadi, don rayuwata duk a tsakanin kasuwar Kwari da birnin Kwatano na ƙasar Binin na yi ta, da almakashi a aljihu. An ce in yi magana a kan tufafin iyayenmu da ma'anarsu. Zan yi, amma ba zan ɓoye muku ba, ina da tawa buƙatar a ciki, kuma na sanar da shugaba tun kafin in tsaya.

Ga abin da ya faru, ga wanda bai ji ba, ko wanda ya ji shi a karkace. Badiyya 'yar ƙanena ce marigayi, ni ne waliyyinta, kuma Gwaggo Turai, ƙanwar mahaifinmu, ita ta raine ta. An ɗaura mata aure da Muzammil na Ba'awa, yaro mai hankali, kuma juna suke so. Ranar kamu ƙawayenta suka ce shigar gargajiya za su yi, irin wadda ake yayi yanzu don hoto. Suka shiga ɗakin Gwaggo tana barcin rana, suka buɗe adudunta, suka ga wani zanen saƙi mai jan ratsi a baki da 'yan wuri a ɗinke a kusurwa. Suka ce ba su taɓa ganin mai kyansa ba, suka lulluɓa wa amarya. Aka yi hotuna, hotuna suka bi waya har Ba'awa. Can wata tsohuwa ta ƙura wa hoton ido ta ce, “Wannan ai zanen Inna ne, na 'yan bori. An ba da yarinyar nan ga iska.” Washegari motar ɗaukar amarya ba ta zo ba. Har yau ba ta zo ba. Kayan Badiyya suna jere a ɗakinta a Ba'awa, ita kuma tana gidanmu, ba ta ko leƙa ƙofar gida saboda bakin mutane.

Ba na ganin laifin Hajiya Lubabatu, mahaifiyar ango. Uwa ce, an gaya mata abin tsoro a kan ɗanta, ta ji tsoro. Amma tsoro yana buƙatar bayani, kuma bayanin na zo da shi.

Abu na farko, abin da na gani da idona a ƙasar Binin. Mutanen can da yawa suna bin addinin kakanninsu da suke kira Vudu, kuma a addinin nan sutura magana ce. Na ga mata sun ɗaura farin zane a ƙirji, ba takalmi, an shafe su da farar ƙasa, an ce sababbin shiga ne da suka fito daga ɗakin horo. Na ga masu jan dutsen wuya haɗe da fari, an ce su na abin bautarsu mai tsawa ne. Na ga masu jerin wuri a damtse, na ga wani abu kamar jinkar ɗaki da aka rufe da zaren ciyawa tun daga sama har ƙasa yana juyi a tsakiyar fili. Kowace shiga tana faɗa wa mai kallo wane ne wannan, kuma wa yake bautawa. Ni ban bi ba, ban kuma zagi kowa ba. Baƙo ne ni, ciniki ya kai ni.

To amma wa ke sayar musu da farin yadin? Ni ne, da ire-irena. Bandir guda nake warwarewa in yankar wa mai Vudu, in yankar wa matar coci, in yankar wa Bahaushen zango da aka yi wa rasuwa zai yi likkafani. Wata rana abin ya tsaya mini a rai, na tambayi wata dattijuwa da ta saba saye a wurina, tana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Na ce, “Mama, wannan yadin nawa, yaushe yake zama naku?” Ta yi dariya ta ce, “Alhaji, yadinka yadi ne. Sai an kai shi ɗakin bauta, an wanke shi da ganye, an kira suna a kansa, an ware shi daga sauran kaya. In an daina ware shi, ya koma naka.” Ku riƙe mini wannan maganar, za mu dawo kanta.

Abu na biyu, namu na gida. Kada mu yi kamar daga sama muka faɗo. A Tsohon Garin Marke an yi bori, an kaɗa garaya, an hau, kuma waɗanda suka yi ɗin kakanninmu ne, ba baƙi ba. Na zauna da Gwaggo na tambaye ta, ga abin da ta ce mini game da garinmu, don ta ce kowane gari da nasa tsarin. Kowane iska da kayansa, kuma da kayan ake gane wanda ya zo. In an ce Malam Alhaji ne, sai a kawo farar riga da rawani da tasbaha, mai hawan ya zauna a tsanake kamar dattijo. In Ɗan Galadima ne, sai riga mai aiki da turare, don shi ɗan sarauta ne mai son ado da kyauta. In kuwa Inna ce, Bafilatana mai shanu, sai zanen saƙi da ƙwaryar nono. Kayan nan ba na ado ba ne a wurinsu. Ba a zuwa kasuwa da su, ba a ara, ba a haɗa su da sauran tufafi a adudu guda. Babbar dokarsu kuma, ba a wanke su da sabulu, ba a shanya su a igiya tare da kayan gida. Turare kawai ake musu. Gwaggo ta ce duk zanen da aka wanke cikin wankin gida ya tashi daga na iska, ko Magajiyar bori ba za ta ƙara karɓarsa a fili ba.

Na faɗi wannan ne don a sani, ba don a koma ba. Allah ya shirye mu, mun bari, kuma muna gode masa. Amma jahilcinmu da kayan nan shi ya jefa mu cikin wannan hali. Yaranmu ba su san zanen ba, suka ɗauka kwalliya ce. Tsohuwar Ba'awa ta san rabin labarin, ta ɗauka shi ke nan. Mu kuma na tsakiya, da ya kamata mu yi bayani tuntuni, kunya ta rufe mana baki.

Abu na uku, shi zanen kansa. Ba zan yi muku ƙarya a gaban malamai ba: tsohuwar Ba'awa ta gani daidai. Gwaggo Turai ta yi bori a ƙuruciyarta, kuma da zanen nan ta hau Inna. Amma zanen ya girmi borin nata. Audugarsa a fadamarmu aka noma ta, fadamar da masuntanmu ke wucewa ta kanta da kwalekwale yanzu. Kakata ce ta kaɗa zaren, kakana ya saƙa, aka rina a marinar garin. Wurin nan da ake tsoro, kakata ce ta ɗinka su da hannunta.

Shekarar da aka ce mu tashi ruwa zai zo, Gwaggo ta je gaban mahaifin Malam Ja'afar ta tuba. Malam yana yaro a lokacin, yana nan zaune, in na ƙara gishiri ya tsayar da ni. Ta fito da rigar Malam Alhaji da ta Ɗan Galadima da sauran tarkacen ta cinna musu wuta a bayan gari. Da ta zo kan zanen nan sai hannunta ya ƙi. Na tambaye ta dalili, ta ce, “Inusa, gidanmu zai shiga ruwa, kabarin uwata zai shiga ruwa, sannan in ƙone zaren da ta kaɗa? Da me zan tuna ta?” Sai ta yi abin da duk ɗan bori na garinmu ya san ma'anarsa. Ta ɗauki zanen ta haɗa da wankin gida, har da tsummokaran jarirai, ta sauka rafi da rana tsaka, ta dirje shi da sabulun salo a gaban matan gari, ta dawo ta shanya shi a igiya tsakanin wandon mijinta da zanen goyo. Ta ce tun daga ranar tsofaffin 'yan bori suka daina gaishe ta.

Jama'a, ku duba wannan al'amari da kyau. A wurin malamai, na je na tambayi Malam Ja'afar, ya ce zare ba ya cutarwa kuma ba ya amfanarwa sai da ikon Allah, kuma wanda ya tuba ba a bin sa da abin da ya bari. A wurin masu Vudu na Kwatano, kun ji abin da dattijuwar nan ta ce, in an daina ware shi ya koma yadi. A wurin 'yan borin garinmu, zanen ya tashi daga nasu tun kafin a haifi uban Badiyya. Musulunci ya ce ba komai a jikinsa, masu abin da kansu sun ce ba nasu ba ne. To mu a kan wace doka muka tsare yarinya a gida? Da dokar wa muke hukunta ta?

Na ji samarinmu suna cewa a kawo zanen a ƙone a gaban kowa, magana ta mutu. Na san da kyakkyawar niyya kuka faɗa, amma ban yarda ba. In muka ƙone shi, mun shaida ke nan cewa akwai wani abu a cikinsa, kuma mun shaida cewa abin ya taɓa Badiyya. Zanen zai zama toka, zargin kuma ya bi ta har ɗakinta, ya bi 'ya'yanta. Kuma abin da ya rage mana na tsohon gari bai kai a ƙirga ba. Turame sun ruɓe, ƙofofin da muka ciro gara ta cinye, tsofaffin da suka san inda rijiya take suna ta tafiya. Ni abin yana mini ciwo, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Abu na ƙarshe, roƙo ne. Jiya na gaya wa Gwaggo abin da zan faɗa a nan, na ce ta yi zamanta a gida saboda ciwon ƙafa. Ta ce, “Kai dai je ka yi surutunka, ni na san abin da zan yi.” Yau da na iso sai na gan ta ta riga ni. Ku dubi rumfar mata, wajen turken can na dama. Tsohuwar da ke zaune da tasbaha a hannu ita ce Gwaggo Turai, kuma abin da ta yafa shi ne zanen. Da shi ta yi sallar asuba, da shi ta hau bayan babur ta zo. Ta ce in faɗa muku da bakinta: “In akwai abin da ke cikin zanen nan, ni ya sani, ni zai kama. A sakar mini jikata ta tafi ɗakinta.” Na kuma lura tun da aka zauna akwai fili a tabarmar, dama da hagunta, ba wadda ta matsa kusa da ita. Matar da ta karɓi haihuwar rabin mutanen da ke wurin nan.

Surukanmu na Ba'awa, ba mu zo da fushi ba, ba mu kuma zo neman a ba mu haƙuri ba. Aure yana nan, igiyarsa ba ta tsinke ba. Abin da muke roƙo shi ne ku je ku yi shawara, ku tambayi malaman da kuka yarda da su, in zuciyarku ta natsu ku turo mota. In kuma da sauran tambaya, ga mai zanen nan a raye, a tambaye ta tun tana iya amsawa.

Hajiya Lubabatu, na ga kin miƙe. In maganata ce ta yi zafi, ki gafarce ni, ki bari in kai ƙarshe. Au, ba fita za ki yi ba, wajen Gwaggo kika nufa. To ku ba ta hanya, ku janye mata takalman nan ta wuce. Gwaggo, ki saki bakin zanen, so take ta taɓa.

Mai girma shugaba, akwai sauran abin da na shirya faɗa, amma na bar shi.

Allah ya jiƙan iyayenmu da ke kwance a ƙarƙashin ruwan nan, ya kai haske kabarinsu. Allah ya karɓi tuban waɗanda suka tuba, ya hana mu tona abin da ya rufe. Allah ya ba Badiyya da Muzammil zaman lafiya da zuriya mai albarka. Allah ya sa albarka a komar masunci da gonar mai noman rani, ya ƙara wa shugabanninmu da malamanmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya, na kusa da na nesa. Allah ya tara mu baɗi, Gwaggo tana cikinmu.

Na gode.